Yadda ake renon Lithops, tsiron da ke shigar tsakuwa, a yanayinmu na zafi

Lithops ɗan tsiro ne da sau da yawa bai fi kan babban yatsa girma ba. Ba shi da kara, ba shi da reshe. Ganye biyu ne kacal masu kauri, cike da ruwa, manne da juna, da tsaga a tsakaninsu, kamar goron da aka soma ɓarewa. Launinsa na ƙasar da ya fito ne: toka-toka, ruwan ƙasa, ja-ja, wani da ɗigo-ɗigo, wani da zane. Asalinsa Namibiya da Afirka ta Kudu da wani yanki na Botswana, inda yake lafewa a cikin tsakuwa har dabbar da ke kiwo ta wuce ba ta gan shi ba. A shekarar 1811 wani Bature masanin tsirrai, William Burchell, ya sunkuya a kusa da garin Prieska da ke Afirka ta Kudu ya ɗauki abin da ya zaci dutse ne, sai ya ga ashe tsiro ne. A 1922 N. E. Brown na lambun Kew da ke Ingila ya ware shi a matsayin jinsi mai zaman kansa, kuma yau an san kimanin nau'i 37.

Renonsa ba ya cin kuɗi, ba ya cin wuri. Abin da yake ci shi ne haƙuri, domin ruwa ne ke kashe shi a hannun mutane, kuma mai sonsa ne ke zuba ruwan. Duk wanda ya saba da lambu hannunsa na ƙaiƙayi idan ya ga ƙasa a bushe. Da wannan tsiro sai ka koyi duba jikinsa kafin ka ɗauki buta, ka bar duba ƙasar ko kalanda.

Abu biyu game da halittarsa za su sa ka gane dalilin duk matakan da ke tafe. Na farko, a daji kusan duk jikinsa a binne yake, saman ganyen kaɗai ke waje. Wannan saman taga ce: haske na ratsa ta, ya bi ta cikin ruwan ganyen, ya isa koren ɓangaren da ke can ciki inda ake haɗa abinci. Na biyu, da rana yana toshe ƙananan ƙofofin numfashinsa don kada ruwa ya tsere, sai dare ya yi ya buɗe su. Saboda haka yana son dare mai sanyi. In dare ya yi zafi, aikinsa na tsayawa cak, saiwar ta daina shan ruwa, duk abin da ka zuba kuwa sai ya kwanta a gindinsa ya ruɓar da shi. Wannan shi ne babban ƙalubalen mai renonsa a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi.

Mataki na farko: zaɓen abin da za ka saya

Nau'o'in ba ɗaya suke ba wajen juriya. Wuraren da suke fitowa sun bambanta ƙwarai: akwai inda ake samun ruwan sama kusan milimita 700 a shekara, akwai kuma gaɓar tekun Namibiya, wajen Lüderitz, inda ruwan sama kusan babu, hazon teku ne ke raya tsiro. Mai farawa ya nemi waɗanda suka fito daga yankunan da ake ruwa a lokacin zafi, domin su ne ke yafe kuskuren ban-ruwa: Lithops lesliei, Lithops aucampiae, Lithops hookeri, sai kuma karasmontana da salicola. Jan nan mai ɗaukar ido da ake kira optica Rubra ɗan gaɓar teku ne mai sanyi, ka bar shi tukuna sai hannunka ya faɗa.

A jerin masu sayar da iri za ka riƙa ganin harafin C da lamba a gaban sunan. Lambobin Desmond Cole ne da matarsa Naureen, mutanen Afirka ta Kudu da suka shafe shekaru suna bin wuraren da tsiron ke fitowa suna ba kowane wuri lamba. Mai sayarwar da ke rubuta cikakken suna da wannan lamba ya fi kama da wanda ya san abin da yake yi. Wanda kuma ya saka hoton Lithops shuɗi shar ko mai launin bakan gizo, hoton gyararre ne, ka wuce.

Ina roƙonka kada ka sayi wanda aka tono daga daji. A 'yan shekarun nan satar irin waɗannan tsirrai ta yi ƙamari a lardin Northern Cape na Afirka ta Kudu, musamman ɗan'uwansa Conophytum, har Afirka ta Kudu ta saka shi cikin jerin CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran daji, a 2023 don a sa ido kan cinikinsa. Wasu nau'o'in a kan tudu ɗaya tak suke a duk duniya, buhu guda ya isa ya share su. Wanda aka rena daga iri ya fi araha, ya kuma fi saurin sabawa da tukunya. In daga waje za ka yi odar iri ko tsiro zuwa Najeriya, ka fara tuntuɓar hukumar NAQS mai kula da shigo da tsirrai game da takardun da ake buƙata.

In kana gaban tsiron, ka ɗan matsa shi da yatsa. Lafiyayye yana da tauri, gajere ne, samansa a baje. Ka guji wanda ya yi tsawo ya yi kore fatau, da wanda ke da ganye hawa biyu ko uku duk a kumbure, da wanda gindinsa ya yi laushi.

Mataki na biyu: tukunya da ƙasa

Saiwarsa doguwa ce, tana nutsawa ƙasa, don haka tukunyar ta kai zurfin santimita 8 zuwa 10, kuma lallai a huda gindinta. A wurinmu tukunyar ƙasa da ba a shafa mata fenti ba ta fi, saboda tana fitar da danshi ta jikinta, tana kuma sanyaya saiwa. Baƙar roba na ɗaukar zafi har ta dafa saiwar in rana ta same ta. Ka je wajen masu ginin tukwane su yi maka ƙanana masu huda. Tsiro uku zuwa biyar a tukunya ɗaya sun fi guda ɗaya tilo a babbar tukunya, domin tare suke shanye ruwan da wuri. Sai dai kada ka haɗa shi da wani tsiro daban, lokacin shan ruwansu ba zai zo ɗaya ba.

Ƙasar da aka sayo shi a ciki, wadda galibi baƙa ce mai laushi mai riƙe ruwa, ka cire ta gaba ɗaya. Wadda za ka haɗa, a cikin kashi 10, kashi 8 ko 9 dutse ne. Ga haɗin da kayansa ke kusa da kowa: kashi 4 na yashin rafi mai manyan ƙwayoyi, kashi 3 na ƙananan tsakuwar dutse irin ta wajen masu fasa dutse, kashi 2 na tsingaro ko jan bulo ƙonanne da aka daddaka, kashi 1 na ƙasar lambu. Ɗan garin gawayi mai tsakuwa-tsakuwa ba laifi. Ƙwayoyin su kasance tsakanin milimita 2 zuwa 5, wato daga girman ƙwayar gero zuwa ɗan fiye da na dawa.

Aikin da mutane ke tsallakewa shi ne tankaɗe. Ka zuba yashin da tsakuwar a rariya ka kaɗe ƙurar, sannan ka wanke su har ruwan ya fito garau. Wannan ƙurar ce ke cike ramukan da iska ke bi, in ta jiƙe ta daskare. Rairayi mai laushi, laka, yumɓu da takin dabbobi duk ba su da gurbi a nan. Bayan ka haɗa, gwada: zuba ruwa a tukunyar, ya kamata ya zube ta ƙasa nan take, kuma cikin kwana biyu ko uku ƙasar ta bushe har ciki.

Wajen dasawa, ka kakkaɓe saiwar, ka datse ƙananan jijiyoyin da suka bushe da almakashi mai tsabta, ka bar babbar. Ajiye shi a inuwa kwana biyu ko uku bakin yankan ya bushe. Yi rami da tsinke, saka saiwar a miƙe ba tare da ta lanƙwashe ba, ka cike da busasshiyar ƙasa har inda ganyen ya fara, sannan ka kewaye jikin da tsakuwa zalla. Kada ka ba shi ruwa sai bayan mako guda.

Mataki na uku: wurin zama

Yana son rana, amma ta safe. Awa huɗu zuwa biyar daga fitowar rana zuwa hantsi sun ishe shi, daga nan sai inuwa mai haske. Baranda ko taga mai kallon gabas ita ce daidai. In haske ya yi masa kaɗan zai miƙe ya yi tsawo, launinsa ya koɗe, ya karkata wajen taga, kuma ba ya komawa sai ya sauya ganye. In kuma ka ɗauko shi daga inuwar shago ka dasa shi a tsakiyar rana, zai ƙone ya yi fari cikin yini ɗaya. Ka riƙa ƙara masa rana kaɗan-kaɗan har mako biyu.

Wurin ya zama mai iska, kuma a ƙarƙashin rufi inda ko feshin ruwan sama ba ya kaiwa. Ka ɗaga shi sama. Kaji na tsattsage shi, ɓera na gutsurarsa da rani saboda ruwan da ke ciki, akuya kuwa ba sai an faɗa ba. Ɗan kejin waya ya wadatar.

Mataki na huɗu: ban-ruwa

Nan ne ake samu, nan ne ake rasawa, don haka zan daɗe a kai.

Sau ɗaya a shekara Lithops ke yin saɓa. Bayan ya gama fure, sabon ganye biyu na fara girma a ɓoye a cikin tsofaffin. Wata rana za ka ga tsagar ta buɗe, ka hango sababbin a ciki, tsagarsu ta gitta ta tsofaffin. Daga nan sababbin ke tsotse ruwan tsofaffin sannu a hankali, tsofaffin su yi laushi, su yamutse, su koma busasshen ɓawo a gefe. Wannan kan ɗauki wata biyu zuwa huɗu. A duk tsawon lokacin ko ɗigo kada ka ba shi. Ganin tsofaffin ganyen suna motsewa yana tayar da hankali, na sani, amma ba ƙishirwa ba ce, aikinsu ke nan. In ka ba shi ruwa, tsofaffin su sake kumbura, su shaƙe sababbin, ka wayi gari da tsiro mai hawa biyu wanda ruɓewa ke jira. Kada kuma ka ɓare tsohon ganye da hannu, ka bar shi sai ya bushe ƙayau.

To yaushe ake ba shi? Sai sharuɗɗa uku sun cika tare: tsohon ganye ya bushe sarai, ƙasa ta bushe har gindin tukunya, kuma tsiron da kansa ya nuna alama. Alamar ita ce ƙananan tamoji a gefen jikinsa, samansa ya ɗan lotsa, ya ɗan nutse cikin tsakuwa, in ka taɓa ka ji bai kai taurin da ka sani ba. Don sanin ko ƙasa ta bushe, soka tsinken tsire har ƙasa ka bar shi ɗan lokaci. In ya fito da sanyi ko ƙasa ta manne masa, jira. In kana shakka, ƙara mako guda. Babban Lithops na iya yin watanni ba ruwa bai mutu ba, amma kwana uku a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa mai zafi sun isa su gama da shi.

In lokacin ya yi, ka ba shi sosai, har ruwa ya fito ta hudar ƙasa, ka zubar da wanda ya taru a faranti. Yayyafi kullum-kullum ba ya kai wa saiwa, wuyan tsiron kawai yake jiƙawa, kuma nan ne ruɓewa ke farawa. Zuba a kan ƙasa, kada ruwa ya kwanta a cikin tsagar. Da yamma ake yi, bayan tukunya ta huce. Ruwan sama da aka tara ya fi na rijiyar burtsatse, wanda a wurare da yawa ke barin farin gishiri a bakin tukunya. Cikin kwana biyu ko uku za ka ga tamojin sun baje.

Littattafan Turai za su ce maka a yi ban-ruwa da zarar saɓa ta ƙare. A wurinsu lokacin sanyi-sanyi ne mai daɗi. A wurinmu saɓar kan ƙare ne daidai shigowar bazara, lokacin da zafin rana ke kai digiri 40 a ma'aunin salshiyas, dare ma ba ya hucewa. Saboda haka ga yadda nake ganin ya dace a raba shekara a ƙasar Hausa.

Daga Maris zuwa Mayu, hutu ne. Ka rage masa rana zuwa ta sassafe kawai, ka kai shi wuri mafi sanyi da iska a gidan, nesa da kwanon rufi da bangon da ke riƙe zafi. Ba ban-ruwa. In ya motse ƙwarai har ka ji tsoro, cokali ɗaya ko biyu a gefen tukunya da asuba ya isa, don kada ƙananan jijiyoyi su mutu.

In ruwan farko ya sauka gari ya huce, wajen Yuni, sai ka yi masa ban-ruwa na sosai sau ɗaya. A cikin marka, Yuli da Agusta, iska cike take da laima, tukunya ba ta bushewa da wuri, don haka ka ja hannu. Sau ɗaya a wata ma yana iya yin yawa. Zaɓi ranar da gari ya washe.

Daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba, da kaka, shi ne lokacin girmansa da furensa. Nan za ka iya ba shi duk bayan mako biyu ko uku, muddin sharuɗɗan nan uku sun cika. In kana son taki, yanzu ne: na ruwa, kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka rubuta a kwalba, sau ɗaya tak a shekara. Taki da yawa na sa shi kumbura har fatarsa ta tsage.

Da fure ya bushe, ko ka ga tsaga ta fara buɗewa, ka ɗauke ruwa. Hunturu, da darensa mai sanyi da busasshiyar iska, shi ne lokacin da ya fi kama da gidansu.

Wannan rabon jagora ne kawai. Tsiron da aka kawo daga Afirka ta Kudu lissafinsa a juye yake da wata shida, yana iya ɗaukar shekara ɗaya ko biyu kafin ya daidaita. In ka ga ya fara saɓa a watan da ba ka zata ba, bi shi. Wanda ke Jos ya fi kowa sa'a da sanyin dare, sai dai ya tsare shi daga yawan ruwan sama. Wanda ke Kumasi ko Legas, inda laima ba ta ɗaukewa, ya cire ƙasar lambu daga haɗin kusan gaba ɗaya, ya nemi wurin da iska ke kaɗawa ko ya sa fanka.

Mataki na biyar: shuka daga iri

Wannan ita ce hanyar da na fi so, domin tsiron da ya tashi a yanayinmu tun yana ƙarami ya fi jure shi. Ka shuka a Nuwamba ko farkon Disamba, don sanyin dare ya taimaka masa ya tsiro, ya kuma samu watanni ya yi ƙwari kafin bazara.

Irin ƙanana ne ƙwarai, numfashi ma na iya watsar da su. Yi amfani da haɗin ƙasar nan amma mai ƙananan ƙwayoyi, milimita 1 zuwa 2 a sama. Turara ƙasar a madambaci kamar rabin awa don kashe ƙwayoyin cuta da ƙwan ƙwari, ka bar ta ta huce. Zuba a tukunya, ka tsoma gindin tukunyar a tafasasshen ruwan da ya huce har danshi ya hau sama. Zuba irin a kan farar takarda da ka ninke, ka riƙa ƙwanƙwasa ta a hankali suna sauka a warwatse. Ba a binne su, suna buƙatar haske. Rufe bakin tukunyar da farar leda mai nuna ciki, ka ajiye a inuwa mai haske inda rana ba ta dukansa kai tsaye, in ba haka ba ledar za ta dafa su.

Cikin mako ɗaya zuwa biyu za ka ga 'yan korayen ɗigo sun ɓullo, wasu kuma su makara. Kullum ka ɗaga ledar na ɗan lokaci iska ta shiga. Bayan mako biyu zuwa uku da tsirowa, fara huda ledar, kana ƙara hudojin har ka cire ta gaba ɗaya. Jarirai dokarsu daban ce da ta manya: a watanni ukun farko kada ƙasarsu ta bushe ƙaƙas, kuma iskar hunturu na busar da ita da sauri, don haka ka riƙa dubawa safe da yamma kana fesa ruwa. Wanda ya faɗi saiwarsa ta fito, tallafe shi da ƙwayar yashi a bakin tsinke.

Wajen wata na uku zuwa na shida za su yi saɓar farko, a nan ne launi da zanen kowanne ke bayyana. A wannan saɓar rage ruwa ake yi, ba a ɗaukewa ɗungum. Bar su a tukunyarsu shekara guda kafin ka rarraba su. Fure sai sun kai shekara uku ko huɗu.

Fure da tara iri

Furen na fitowa ne ta cikin tsagar, wani lokaci faɗinsa ya rufe tsiron duka. Na lesliei da aucampiae da hookeri rawaya ne, na karasmontana da salicola fari. Yana buɗewa bayan azahar, ya rufe da magariba, ya yi haka kwanaki. Tsiro ɗaya ba ya yi wa kansa barbara, sai ka samu biyu 'yan nau'i ɗaya da suka fito daga iri daban-daban, suka kuma yi fure tare. Da la'asar ka ɗauki gashin kaza mai laushi ka shafa a tsakiyar wannan, ka kai wa wancan, ka dawo. Maimaita kwana biyu ko uku.

Kwanson irin na ɗaukar watanni kafin ya bushe. In ya bushe, ɗiga masa ruwa ka tsaya ka gani: cikin 'yan mintuna zai buɗe ɓangare-ɓangare, in ya bushe ya sake rufewa. Haka yake yi a daji, ba ya sakin iri sai an yi ruwan da zai raya su. Ka wanke irin a ƙaramin kofi, ka shanya a takarda, ka adana a busasshen wuri. Sabon iri bai cika tsirowa da kyau ba, wanda ya yi watanni a ajiye ya fi.

In abu ya ɓaci

In jikinsa ya tsage, ruwa ya yi yawa. Ɗauke ruwan, tabon zai tafi a saɓa ta gaba. In ka ba shi ruwa amma tamojin ba su baje ba bayan mako guda, kada ka ƙara, tumɓuke shi ka duba saiwar. Ko jijiyoyin sun mutu, ko kuma za ka tarar da wasu fararen ƙwari masu barin abu fari-fari mai laushi a jikin saiwar. Wanke saiwar tas, goge ƙwarin da auduga da sifirit, shanya shi kwana uku a inuwa, ka dasa a sabuwar ƙasa da wankakkiyar tukunya.

In kuwa ya yi ruwa-ruwa, launinsa ya dusashe, yana wari, wannan ya tafi. Cire shi nan take tare da ƙasar da ke kewaye da shi, ka fito da sauran 'yan tukunyar ka duba gindin kowanne, masu tauri ka shanya su ka sake musu busasshiyar ƙasa, kuma kada su ga ruwa sai bayan mako biyu.